Jeanne Calment: Dattijuwar da ta shekara 122 a duniya ta rusa lissafin masu lissafi

A shekarar 1965 wani lauya mai suna André-François Raffray, mazaunin birnin Arles a kudancin Faransa, ya ƙulla cinikin da kowa ya ɗauka riba ce tsagwaronta. Wata dattijuwa mai shekara 90, wadda ba ta da magaji, ta amince ta sayar masa da gidanta bisa wani tsari da Faransawa ke kira viager: zai riƙa biyan ta faran 2,500 duk wata, ita kuma ta ci gaba da zama a ciki, ran da ta rasu gida ya zama nasa. Lauyan yana da shekara 47 a lokacin. Shekara 30 ya yi yana biya, har ajali ya riske shi a watan Disamba na 1995 yana da shekara 77, bai taɓa tarewa a gidan ba, alhali ya biya fiye da ninki biyu na darajarsa. Iyalinsa suka ɗora daga inda ya tsaya, domin dattijuwar tana nan da ranta. Sunanta Jeanne Louise Calment, kuma a cikin duk mutanen da takardun zamani suka tabbatar da shekarunsu, babu wanda ya kai ta tsawon rai.

An haife ta a Arles, a bakin kogin Rhône, ranar 21 ga Fabrairu, 1875, shekara guda kafin Alexander Graham Bell ya yi rajistar wayar tarho. Mahaifinta Nicolas maƙerin jiragen ruwa ne, mahaifiyarta Marguerite kuwa daga gidan masu injin niƙa ta fito. Tsawon rai ba baƙon abu ba ne a zuri'ar: mahaifin ya shekara 93, mahaifiyar 86, yayanta François kuma 97. Tana da shekara 13 mai zanen nan Vincent van Gogh ya sauka a garinsu, a 1888, kuma a ƙarshen rayuwarta ta sha ba da labarin cewa ta gan shi a kantin danginta, bai kuwa burge ta ba ko kaɗan.

A 1896, tana da shekara 21, ta auri ɗan uwanta Fernand Calment, mai babban kantin yadi a tsakiyar birni. Suka zauna a benen da ke saman kantin. Wadatar mijin ta hutar da ita aikin ƙarfi da neman abin sawa a baka, sai ta ba da lokacinta ga hawan keke, ninƙaya, wasan tanis, kaɗa fiyano da rakiyar mijinta farauta. Duk mai neman darasi daga rayuwarta ya kamata ya riƙe wannan: ta tashi cikin rufin asiri, da abinci mai kyau da likita a kusa, a zamanin da matsakaicin tsawon ran Bafaranshe bai kai shekara 50 ba.

Sai dai wadata ba ta kare ta daga rashi ba. 'Yarta tilo, Yvonne, wadda ta haifa a 1898, ta rasu da ciwon huhu ranar 19 ga Janairu, 1934, ranar da ta cika shekara 36. Jeanne ta ɗauki rainon jikanta Frédéric. Mijinta ya rasu a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1963 surukinta Joseph Billot ya rasu, kuma a cikin shekarar Frédéric, wanda ya riga ya zama likita, ya mutu a haɗarin mota, shi ma yana da shekara 36. Tana da shekara 88 ta wayi gari babu miji, babu 'ya, babu jika, kuma sauran shekara 34 a gabanta. Wannan kaɗaici ne ya kai ta ga ciniki da lauya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin likitoci a tarihinta shi ne tsawon lokacin da ta yi tana dogaro da kanta. Ta ci gaba da hawan keke har ta kai shekara 100, ta kuma zauna ita kaɗai a gidanta har zuwa 1985, lokacin da ta koma gidan kula da tsofaffi na La Maison du Lac tana dab da shekara 110. Ko a can tana tafiya da ƙafafunta, tana motsa jiki da safe, har zuwa watan Janairu na 1990 da ta faɗi ta karye a cinya, wata guda kafin ta cika 115. Aka yi mata tiyata ta kuma farfaɗo, amma daga nan sai keken guragu. Yanar ido ta kusa makantar da ita, ta ƙi yarda a yi mata aiki, jinta kuma ya yi rauni ƙwarai.

Hankalinta dai bai gushe ba. Tana da shekara 118 wata masaniyar ƙwaƙwalwa, Karen Ritchie, ta yi mata gwaje-gwaje, ta buga sakamakon a 1995: babu alamar ciwon mantuwa na tsufa, kuma ƙarfin tunawa da iya sarrafa harshe nata ya yi daidai da na masu shekara 80 zuwa 90 da suka yi karatu irin nata. 'Yan jarida sun yi ta yayata son da take yi wa man zaitun da cakulan, da ɗan ruwan inabi da take sha, da taba ɗaya ko biyu a rana da ba ta bari ba sai da ta kai shekara 117. Babu wani likitan kirki da ya ɗauki wannan a matsayin magani. Jiki irin nata ya jure abin da ke kashe miliyoyin mutane, kuma ba a gina shawarar lafiya a kan mutum ɗaya.

Ta rasu ranar 4 ga Agusta, 1997, tana da shekara 122 da kwana 164. Matar da sai da ta kai shekara 70 sannan matan Faransa suka fara jefa ƙuri'a, a 1945, ta rayu har ta ga zamanin intanet. Wadda ke bi mata a jeri, Kane Tanaka ta Jafan, ta rasu a 2022 tana da shekara 119, tazarar shekara uku ke nan. A cikin maza, Jiroemon Kimura, shi ma ɗan Jafan, ya tsaya a 116.

Da'awar tsawon rai dai ba ta da wuyar yi. Kundin Guinness ya daɗe yana ɗaukar wani ɗan Jafan, Shigechiyo Izumi, a matsayin wanda ya shekara 120, daga baya ya janye sunansa saboda shakku a kan takardunsa. Abin da ya tsayar da maganar Jeanne shi ne aikin magatakarda: rajistar haihuwa, ta baftisma, ta aure, da jerin ƙidayar jama'ar Arles inda sunanta ya riƙa fitowa tun tana jaririya. Masanin ƙidaya Jean-Marie Robine da likita Michel Allard su ne suka bi waɗannan takardu ɗaya bayan ɗaya, suka kuma yi ta hira da ita a kan sunayen malamanta da barorin gidansu. A 2018 wani masanin lissafi ɗan Rasha, Nikolay Zak, ya yi zargin cewa Jeanne ce ta mutu a 1934, 'yarta Yvonne ta ɗauki sunanta don gudun harajin gado. A 2019 Robine da abokan aikinsa suka buga martani suka yi watsi da zargin, suna nuna cewa yana buƙatar dangi, likitoci da jami'an gari duka su haɗa baki su rufe sirri shekaru da dama. Hukumomin Faransa ba su sauya takardar mutuwarta ba.

Rayuwarta ta ratsa babban sauyin da ya samu tsawon ran ɗan Adam. Lokacin rasuwarta, matsakaicin tsawon ran mace a Faransa ya kai kimanin shekara 82. Tsabtataccen ruwa, rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne suka fara rage mutuwar ƙananan yara, daga baya kuma maganin ciwon zuciya da hawan jini ya ƙara wa tsofaffi shekaru. A 2002 Jim Oeppen da James Vaupel suka nuna cewa a ƙasashen da ke kan gaba, tsawon ran mata yana ƙaruwa da kusan wata uku a kowace shekara tun daga 1840. A 2016 kuma Jan Vijg da abokan bincikensa suka kawo hujjar cewa iyakar ran ɗan Adam tana wajen shekara 115, masu wuce ta kuwa ɗaiɗaiku ne. Har yanzu masana ba su daidaita ba, kuma kowane ɓangare sai ya ambaci Jeanne Calment.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Najeriya yakan ajiye aiki ne a shekara 60, ko bayan shekara 35 yana hidima. Jeanne ta rayu shekara 62 bayan ta cika 60. Ba kowa zai kai haka ba, amma masu kaiwa 85 da 90 ƙaruwa suke yi a duniya, kuma duk tsarin fansho ko asibiti da aka gina bisa zaton tsoho ba zai daɗe ba, kuskuren lauyan Arles yake maimaitawa. Abin da ya riƙe ta a shekarunta na ƙarshe sananne ne: kuɗin da ke shigowa duk wata ba fashi, likitan da ya yarda ya yi wa mai shekara 114 tiyata, da ma'aikatan jinya da suka kula da ita shekara 12. An binne ta a maƙabartar Trinquetaille da ke Arles, garin da ta yi dukkan rayuwarta a cikinsa.