Alhaji Abubakar Imam, Ɗan Malamin Da Ya Riƙe Jarida

Kafin zuwan Turawa, littafi a ƙasar Hausa abu ne mai wuyar samu. Wanda yake son Risala ko Ishiriniya sai ya ara wajen malami, ya fiƙe alƙalami, ya dama tawada, ya zauna yana juyawa wata da watanni. In kuwa mai hali ne, ya biya marubuci. Don haka littafi yakan zauna cikin gafaka, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Da Gwamnatin Turawa ta shiga aikin ɗab'i, sai ta karkata ga boko, ta bar ajami a baya, alhali da ajami malamai da fatake suke rubuta wasiƙunsu da lissafin bashinsu. A tsakanin waɗannan rubutu biyu Allah ya ajiye Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara cikin 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, saboda haka da allo ya fara kafin ya san boko. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, ya kama koyarwa a Midil ta Katsina.

Cikin 1933 wani Bature mai kula da ofishin talifi a Zariya, Dokta East, ya kewaya garuruwa yana roƙon malamai su ƙago labarai da Hausa don a buga. Da yawa suka ga abin bai dace ba, domin a wurinsu alƙalami na ilmin addini ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, aka buga su. Sa'an nan aka kira shi Zariya cikin 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku.

Amma babban aikinsa jarida ce. Da yaƙi ya matso, jita-jita ta cika kasuwanni, har ana cewa za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Sai Gwamnati ta kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu 1939, kuɗinta kwabo ɗaya, Imam ne editanta na Hausa. Nufin Turawa shi ne su isar da maganarsu ga talakawa. Abin da ba su auna sosai ba shi ne hanyar da magana ta bi ta tafi, ita za ta bi ta komo. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga larduna. Malamin makaranta ko akawun En'e, wanda a da ba ya iya ɗaga murya a fada, ga shi sunansa ya fito a takarda, ana karanta kukansa a Sakkwato da Yola. Mutum ɗaya ya saya, goma su kewaye shi a zaure suna saurare. Wannan bai yi wa waɗansu masu sarauta daɗi ba, kuma edita ne yake shan zafin daga sama da ƙasa, ga shi kuwa ma'aikacin Gwamnati ne, ba kowace magana yake da ikon bugawa ba.

Bai manta da mutanen allo ba. Cikin shekarun yaƙi aka riƙa fitar da 'Yar Gaskiya da ajami, domin wanda ya sauke Alƙur'ani bai cancanci a lissafa shi cikin jahilai ba don kawai bai san boko ba. Ita dai 'ya ce kamar sunanta, uwar tana boko.

A 1943 ya tafi Ingila tare da editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da suka shirya, amma ya gana da Lugga, ya kuma rubuta masa matsalolin Arewa ba ɓoye-ɓoye. Labarin tafiyar shi ne Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya.

Daga baya ya bar jarida, ya shiga majalisa da aikin hukumar ɗaukar ma'aikata, ya kuma juya alƙalaminsa ga addini, ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle. Ya rasu a Zariya cikin watan Yuni 1981. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.