Florence Nightingale: Matar da ta mai da jinya karatu

 Yau ina so in ba ku tarihin wata Baturiya wadda ta rasu shekara fiye da ɗari da suka wuce, amma duk macen da ta taɓa kwanciya a asibitin Musawa, ko na Malumfashi, ko na Funtuwa, ta ci moriyar aikinta ko da ba ta taɓa jin sunanta ba. Ku kuma 'yan makaranta masu sha'awar farin kayan nas, ku kasa kunne, domin ita ce uwar wannan sana'a.

An haifi Florence Nightingale ran 12 ga Mayu 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, inda iyayenta, mutanen Ingila, suka je yawon buɗe ido. Sunan garin aka raɗa mata. Gidansu gidan dukiya ne, kuma mahaifinta da kansa ya koyar da ita harsuna da tarihi, ita kuwa ta nace sai da aka bar ta ta koyi lissafi. Ku riƙe maganar lissafin nan, za mu dawo kanta.

Da ta girma ta ce ita jinyar marasa lafiya take so, sai gida ya rikice. A zamanin nan ba a ɗauki jinya aikin 'yar mutunci ba. Asibitocin Ingila ƙazanta ce tsagwaronta, masu jinyar kuma ba wanda ya koya musu kome. Uwarta da yayarta suka ce sam. Ta yi shekaru tana haƙuri, tana karanta rahotannin asibitoci a ɗakinta. A 1851 ta samu ta tafi Kaiserswerth a ƙasar Jamus, ta yi kamar wata uku tana koyon aiki, a 1853 kuma aka ba ta shugabancin wani ƙaramin gidan jinyar mata a Landan.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna taimakon Turkiyya a kan Rasha. Jaridu suka fara kawo labarin yadda sojan Ingila ke mutuwa ba mai kula da su. Wani ministan harkokin yaƙi, Sidney Herbert, wanda ya san ta, ya roƙe ta ta je. A watan Oktoba na shekarar ta tashi da mata 38, suka isa asibitin soja na Scutari, kusa da Istanbul, a farkon Nuwamba.

Abin da suka tarar ba kyan gani. Majinyata kwance jere a kan tabarmin ciyawa, kwarkwata da ɓeraye ko'ina, ba sabulu, ba isassun barguna, ga ginin kuma a kan toshasshiyar kwata yake. Likitocin soja da farko ba su yi maraba da su ba. Florence ba ta tsaya gardama ba. Ta sa aka sayo burushi aka goge daɓe, ta buɗe wurin wanki, ta gyara dafa abinci. Da dare kuma takan bi ɗakuna da fitila a hannu tana duba majinyata, shi ya sa har yau ake yi mata laƙabi da mai fitila.

To, amma ga inda darasin yake. Duk da wannan ɗawainiya, sojoji fiye da dubu huɗu suka mutu a asibitin a hunturun farko. Kuma yawancinsu ba raunin harsashi ya kashe su ba, kwalara ce da atuni da zazzaɓin taifot. Mutuwar ba ta ragu sosai ba sai bayan da gwamnati ta aiko da wani kwamitin tsabta a watan Maris 1855, aka yashe kwatoci, aka buɗe wa iska hanya, aka gyara ruwan sha. Kun gani ke nan, tausayin mai jinya, kome yawansa, ba ya yashe kwata. Wannan aikin hukuma ne.

Da ta koma gida a 1856 jama'a suna ta yabonta, ita kuwa ba yabo ne a gabanta ba. Ta gana da Sarauniya Victoria, ta matsa wa ministoci lamba, har a 1857 aka kafa hukumar binciken lafiyar soja, Herbert ne shugaba. A lokacin mace ba ta da ƙuri'a a Ingila, balle kujera a irin wannan hukuma. Amma Florence ta san wanda ke da ikon sa hannu, ta san inda kuɗi ke fitowa, ta san lokacin da ya kamata a kai magana jarida. Nan lissafinta ya yi rana. Tare da wani masani, William Farr, ta tattara adadin matattu wata-wata, ta zana su da launi dabam-dabam, yadda ko ɗan majalisar da ba ya son karatu zai gane da kallo ɗaya cewa cuta ta fi abokan gaba kisa. Kamar dai manomin da ya ƙirga buhunan masararsa ne, ba mai yi masa gardama a kan abin da gona ta ba shi.

Da kuɗin da jama'a suka tara mata, fiye da fam dubu 40, ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Ɗalibai 15 aka fara da su, horon shekara ɗaya. Suna aiki a ɗakin majinyata, likitoci suna ba su darasi, ana rubuta halin kowace da ƙwazonta. Daga nan ne tsarin ya bazu a duniya. A wannan makaranta ce 'yar Nijeriya, Kofoworola Abeni Pratt, ta shiga a 1946, tana matar aure har da ɗa. Ta dawo gida ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa, daga baya kuma kwamishinar lafiya ta Jihar Legas daga 1973 zuwa 1975.

Florence ta yi yawancin sauran rayuwarta tana fama da ciwon da ta ɗauko a Kirimiya, amma daga kan gado ta ci gaba da rubuce-rubuce kan ruwan sha da tsabta har na ƙauyukan Indiya. Ta rasu ran 13 ga Agusta 1910 tana da shekara 90. Ranar haihuwarta ce ake bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya kowace shekara.

Iyaye mata, da yawa cikinmu ba mu son namiji ya duba mu a ɗakin haihuwa, wasu mazan ma kan hana matansu zuwa awo saboda haka. To, in mun cire yarinya daga aji uku na sakandare, daga ina macen da za ta duba mu za ta fito? Ga makarantar unguwarzoma nan a Malumfashi, ga ta jinya a Katsina, ba sai an haye teku ba.

Ku kuma 'yan mata, ku dage da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, su ne ake tambaya wajen shiga. Amma kada ku raina darasin sanin mulki. Nas ɗin da ta san aikin kansila, da na shugaban ƙaramar hukuma, da yadda ake tsara kasafin kuɗi, ita ce za ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ran da rijiyar asibitin ƙauyensu ta ƙafe, kuma ta je da adadin majinyatanta a rubuce.

Sai mun sake saduwa. A gaida yara da maigida.