Samuel Johnson, Talakan da Ya Tsara wa Turawa Ƙamus

Ni dai a da ban taɓa kawowa a raina mutum ne ke zama ya rubuta ƙamus ba. Sai ran da na sha jan biro a jarrabawar shifta, malaminmu na Ingilishi ya tura ni laburare in nemo labarin mutumin da ya sha wuya wajen daidaita wa Turawan Ingila kalmominsu. Na tafi ina gunaguni, na dawo da labarin da na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba.

An haifi Samuel Johnson ran 18 ga Satumba, 1709, a garin Lichfield na ƙasar Ingila. Ubansa mai sayar da littattafai ne, amma ciniki bai karɓe shi ba. Tun yana jariri wani ciwo ya kama shi a wuya, ya bar masa tabo, ga shi ido ɗaya ba ya gani sosai, kunne ɗaya kuma ba ya ji. Duk da haka kantin ubansa ya zame masa makaranta ta biyu, kome ya ɗauka sai ya karanta.

A 1728 ya shiga Jami'ar Oxford, amma bayan wata 13 kuɗi suka ƙare, tilas ya komo gida ba digiri. An ce a can takalmansa sun yage har yatsunsa na leƙowa, wani ya ji tausayinsa ya ajiye masa sababbi a bakin ƙofa, shi kuwa ya yi jifa da su don ba ya son sadaka. A 1735 ya auri wata gwauruwa mai suna Elizabeth, ya buɗe makaranta da kuɗinta, yara uku kaɗai ya samu. Da makarantar ta mutu, sai ya nufi Landan a 1737, ya shiga yi wa mujallu rubutu don ya sami na abinci.

To, a zamanin nan harshen Ingilishi ya riga ya sami manyan marubuta, amma ba shi da ƙamus na kirki. Waɗanda ake da su bayaninsu gajere ne, kuma kalma ɗaya sai ka ga an rubuta ta iri biyu ko uku. Faransawa kuwa suna da nasu tun 1694, wanda majalisar masana arba'in ta shafe fiye da shekara hamsin tana yi. Saboda haka a 1746 waɗansu masu buga littattafai suka yi yarjejeniya da Johnson a kan fam 1,575 ya tsara musu ƙamus. Ya ce shekara uku ta ishe shi. Ashe sai ya yi kusan tara.

Dabarar da ya bi ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ya ɗauki littattafan mashahuran marubuta, irin su Shakespeare da Milton da Dryden da Bacon da Locke, yana karantawa da fensir a hannu. In ya ga inda aka yi amfani da wata kalma da kyau, sai ya ja mata layi, ya sa alama a gefen shafi. Akawunansa shida, waɗanda ke aiki a ɗakin can saman benen gidansa, su kwafe jimlar a 'yar takarda, a jera bisa tsarin abacada. Daga waɗannan jimloli yake fitar da ma'anonin kalma ɗaya bayan ɗaya, ya kawo misalin kowace. Wato marubutan nan su ne shaidu, shi kuwa alƙali. Akwai ƙaramar kalma guda, mai nufin ɗauka, da ya fitar mata da ma'ana fiye da ɗari.

Ƙamusun ya fito ran 15 ga Afrilu, 1755, cikin manyan littattafai biyu, da kalmomi fiye da 42,000 da misalai wajen 114,000. Da farko niyyarsa ya kafe harshen kada ya sake canzawa, amma aikin ya koya masa cewa harshe mai rai ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya kuma amsa haka a gabatarwarsa. Duk da haka yawancin kalmomi sun zauna a kan rubutun da ya zaɓa. Ƙamusunsa ya zama madogara har aka kammala babban ƙamusun Oxford a 1928, shi ma kuwa hanyar kawo misali daga marubuta ya bi.

Kada ku zaci ya huta bayan wannan. Matarsa ta rasu a 1752 ana tsakiyar aikin. Wani basarake, Lord Chesterfield, wanda ya sa ran zai taimake shi, ya yi watsi da shi shekara bakwai, sai da aiki ya kusa fita ya zo yana yabo. Johnson ya aika masa da wasiƙa ya nuna ba ya bukatar taimakon da ya zo a makare. A 1756 aka kama shi kan bashin fam 5 da sule 18. A 1759 ya rubuta labarin Rasselas, ɗan sarkin Habasha, cikin mako guda don ya biya kuɗin jana'izar uwarsa. Sai a 1762 Sarki George na Uku ya yanka masa fansho na fam 300 a shekara.

Ga wani abu da nake so iyayenmu su ji. Yana saurayi, ubansa ya roƙe shi ya je ya tsare masa rumfar littattafai a kasuwar Uttoxeter, girman kai ya hana shi. Da ya tsufa, duniya ta san shi, sai ya tafi kasuwar nan ya tsaya daidai inda rumfar take, kai ba hula, ruwa na dukansa, mutane na yi masa dariya, don nadamar abin da ya yi wa mahaifinsa.

Ya mutu ran 13 ga Disamba, 1784, aka binne shi a Westminster Abbey. Bai bar ɗa ba, sai ya bar yawancin dukiyarsa ga Francis Barber, baƙar fata da aka haifa cikin bauta a Jamaika, wanda ya girma a hannunsa.

Na san a cikinmu akwai waɗanda kuɗin makaranta ke neman mayar da su gida, ni ma na taɓa zama mako biyu a kan haka. Ina roƙonsu, in hakan ta faru, kada su ajiye littafi. Ni kuwa tun daga ranar nan na sayi ɗan littafin rubutu, duk kalmar da ta gagare ni sai in kwafe ta tare da jimlar da na same ta a ciki. Ku gwada wannan hutun, mu gwama in mun dawo.