Taƙaitaccen Tarihin Jean Rouch, Malamin Silima (1917-2004)

Makasudin wannan ɗan rubutu shi ne a gabatar wa ɗalibai da wani Bafaranshe wanda masu nazarin silima ba su iya tsallake sunansa, wanda kuma ƙasar Nijar ce ta zame masa makaranta, daga ƙarshe ta zame masa makwanci.

An haifi Jean Rouch a birnin Faris ran 31 ga watan Mayu, 1917. Mahaifinsa hafsa ne na sojan ruwa. Shi kuwa aikin injiniya ya karanta, na gina hanyoyi da gadoji, kuma wannan aiki ne ya kawo shi Yamai cikin 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A shekara ta gaba sai aradu ta faɗa wa leburorinsa, ta kashe mutum goma. Wani saurayi Basarke da ke aiki tare da shi, Damouré Zika, ya kirawo kakarsa, ta zo ta yi tsafin da Sarkawa kan yi wa Dongo, iskan tsawa. Abin da Rouch ya gani ran nan shi ya raba shi da awon hanya. Ya rubuta bayaninsa ya aika wa Marcel Griaule, shaihun malamin nazarin al'adu a Faris, wanda daga baya ya duba masa kundin digirinsa na uku a kan addinin gargajiya na Songhai.

Cikin 1946 shi da abokansa biyu suka bi kogin Kwara a kwalekwale, tun daga mafarinsa har bakin teku. Ya tafi da wata tsohuwar na'urar ɗaukar hoton majigi, sai a hanya ya rasa ƙafafun da ake kafa ta a kai. Tilas ya riƙe ta a hannu, yana bin mutane duk inda suka nufa. Hasarar nan ita ta zama salonsa har ya mutu.

Amma babban darasin da ya riƙa koyarwa daga masunta ya samo shi. Ya ɗauki fim na farautar dorina a Ayoru, ya sa masa kiɗa irin na zuga jarumai, sa'an nan ya komo ya nuna wa masu farautar. Suka ce bai yi daidai ba, domin ita dorina tana ji daga ƙarƙashin ruwa, kiɗan nan zai ƙara mata ƙarfin zuciya ne, su kuwa shiru suke yi in suna bin ta da zago. Rouch ya karɓi gyara. Daga nan ya kafa ƙa'idarsa, watau mai bincike ya mayar wa mutane hotonsu su gani, su soke shi, su sa hannu cikin na gaba. A zamanin da Turawa ke ɗaukar 'yan Afirka abin dubawa kurum, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka bai tsira daga zargi ba. Cikin 1954 ya ɗauki Les Maîtres fous a wajen Ankara ta ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, a kan 'yan ci-ranin Nijar masu bori irin na Hauka (kalmar ta Hausa ce, kowa ya san ma'anarta). Iskokin da ke hawansu ba Sarkin Rafi ba ne ko Inna, Gwamna ne da Janar da sauran masu mulkin mallaka. An nuno su kumfa na zuba daga baki, suna cin naman kare. Griaule ya nemi a hallaka fim ɗin, ɗaliban Afirka da ke Faris suka ce an ci mutuncinsu, Ingilishi kuma suka hana nuna shi, don sun gane da su ake. Cikin 1965 Usman Sembene na Sanagal ya gaya masa ido da ido cewa yana kallon 'yan Afirka kamar mai nazarin ƙwari. A ganina Sembene yana da hujja, domin a fim ɗin muryar Rouch ce kaɗai ke fassara abin da ke gudana, 'yan Hauka ba su faɗi kome da bakinsu ba.

Da alama shi ma ya lura. A Moi, un noir na 1958, wanda ya ɗauka a Abijan, ya bar wani ɗan dako mutumin Nijar, Umaru Ganda, ya ba da labarinsa da kansa. Wannan Umaru shi ne ya zama mai shirya fim, har ya ci babbar lambar bikin silima na Wagadugu cikin 1972.

Wajen koyarwa kuwa, ya yi shekaru aru-aru yana ma'aikacin hukumar binciken kimiyya ta Faransa. Yana cikin waɗanda suka buɗe karatun digiri a kan silima da nazarin al'adu a Jami'ar Nanterre. Cikin 1978 ya tafi Mozambik ya koya wa samari ɗaukar fim da ƙananan na'urori masu araha, tun kafin a yi mafarkin wayar hannu mai ɗaukar hoto. Ya shugabanci ma'ajiyar finafinai ta Faransa daga 1987 zuwa 1991. Finafinansa sun haura ɗari.

Ran 18 ga watan Fabrairu, 2004, yana da shekara 86, motar da yake ciki ta yi haɗari da dare kusa da Birnin Ƙonni, ya rasu nan take. A Yamai aka binne shi.