Philip Gosse, Mutumin da Ya Kai Teku Cikin Ɗaki

Yawancinmu a nan Birnin Kudu da Gwaram ba mu taɓa ganin teku ba sai a talabijin ko a waya. Mai son zuwa Legas daga nan sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000. Kifin da muka sani shi ne tarwaɗa da karfasa. To a shafin tarihi na wannan makon mun kawo muku labarin wani Bature da ya koya wa mutanen da ke nesa da teku yadda za su ajiye halittun teku da ransu a cikin ɗaki. Sunansa Philip Henry Gosse.

An haife shi ranar 6 ga Afrilu, 1810, a garin Worcester na Ingila, amma a Poole ya tashi, wani gari na bakin teku. Mahaifinsa mai zanen hoton mutane ne, yana yawo gari-gari, kuma ba masu hali ba ne. Gwaggonsa, Susan Bell, ita ta koya masa zane da lura da ƙananan halittu. Bai je jami'a ba. Yana ɗan shekara 15 ya fara aikin akawu, a 1827 kuma aka tura shi tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada. Can ya fara tara ƙwari yana zana su. Ya gwada noma bai ci riba ba. Ya koyar da yara a Alabama ta Amurka a 1838, inda ya ga yadda ake azabtar da bayi. Ya koma Landan a 1839 kusan babu ko sisi a aljihunsa. Rubutun littattafai ne ya tsamo shi, har ya je Jamaika ya rubuta littafi a kan tsuntsayenta a 1847.

A 1852 rashin lafiya ya sa ya koma bakin teku a yankin Devon. Ruwan teku yana cikowa yana janyewa sau biyu a rana. Idan ya janye sai ya bar ƙananan kududdufai tsakanin duwatsu. Gosse yakan shiga cikinsu yana kamo ƙaguwa da ƙananan kifaye, da wata halitta da ke manne wa dutse, wadda in ka gan ta sai ka rantse fure ce, alhali dabba ce.

Kamo su ba wuya. Wuyar ita ce a hana su mutuwa, kuma duk maganar tana ga ruwan. Kafin shi, wata mata mai suna Anna Thynne ta ajiye halittun teku a gidanta na Landan. Da farko ana ta kawo mata sabon ruwa daga teku. Daga baya sai ta sa a riƙa sheƙa tsohon ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga, don iska ta shige shi. Ku dubi wannan wahala! Wani masanin sinadarai kuma, Robert Warington, ya nuna cewa idan akwai tsiro a cikin ruwa yana ba kifi iskar oksijin, kifin kuma yana ba tsiron iskar da yake buƙata, kamar dai yadda muka koya a darasin kimiyya. Gosse ya yi ta gwada wannan da ciyawar teku a akwatin gilashi har halittunsa suka yi watanni ba a canza musu ruwa ba.

A 1853 aka buɗe gidan kifi a gidan zu na Landan, irinsa na farko a duniya da kowa zai iya shiga ya kalla. Gosse na cikin masu kamo halittun da aka zuba a ciki. A 1854 ya fitar da littafinsa The Aquarium, da hotuna masu launi, kuma shi ya yaɗa kalmar akwariyum da ake kiran akwatin kifi da ita har yau.

Nan take mutanen Ingila suka rikice, kowa na son teku a falonsa. Aka buɗe shago a Landan ana sayar da ruwan teku da awo, kamar yadda 'yan garuwa ke sayar mana da jarka. Sai dai ba kowane ruwan teku ne ke yi ba. Na bakin gari da na inda kogi ke shiga teku yana da datti, kuma gishirinsa ya ragu. Sai an shiga can ciki an ɗebo a mazubi mai tsabta, ga kuɗin dako. Saboda haka a 1854 ɗin Gosse ya bayyana yadda za a haɗa ruwan teku a gida: ruwan daɗi, da gishirin miya, da wasu gishirai uku masu sinadaran magniziyam da fotasiyam.

Abin da ya fi burge mu shi ne bai yi gaggawar zuba dabbobi a wannan ruwan haɗi ba. Ciyawar teku ya fara sawa, ya bar ta ta zauna, sannan dabbobi suka biyo. Wato ruwa da gishiri kaɗai ba su ne teku ba. Duk lita ɗaya ta ruwan teku tana da gishiri kamar giram 35, amma tana kuma ɗauke da ƙananan halittu da ido ba ya gani. Akwai wani abu kuma. Idan ruwan akwatin ya ragu, ruwan daɗi ake ƙarawa, ba na teku ba, domin ruwa ne ke tashi sama, gishiri yana nan. Wanda ke shakka ya ajiye ruwan gishiri a faranti a rana ya gani.

A 1856 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society, shi da bai taka jami'a ba. Shekara ta zagayo matarsa Emily ta rasu da ciwon daji, ta bar shi da ɗa ɗaya, Edmund. Ya ɗauki yaron suka koma St Marychurch a Devon, suna fita duwatsun bakin teku tare. A can ya rasu ranar 23 ga Agusta, 1888, yana da shekara 78.

Edmund ya zama marubuci. A littafinsa Father and Son na 1907 ya ba da labarin cewa kududdufan da ya sani yana yaro, cike da halittu masu launi, sun zama wayam. Masu kamowa don sayarwa da masu sha'awa ne suka kwashe su, kuma littattafan mahaifinsa ne suka nuna musu hanya. Ya ce shi kansa tsohon ya gane haka kafin ya rasu, kuma abin ya dame shi ƙwarai.