Jak Ruwef, malamin da ya yi wa kuɗin Faransa gyara

Ƴan kasuwa, da yawanku kun tuna lokacin da faran ɗaya na Faransa yake dala goma. To, wannan lissafi yana da nasaba da aikin Jak Ruwef.

An haife shi a Paris a 1896. Bayan ya dawo daga yaƙin duniya na farko, ya yi karatu a makarantar Politeknik, sannan ya koyar a jami'ar Paris. A 1926 firaminista Puwankare ya nemi shawararsa lokacin da faran yake faɗuwa. A 1939 ya zama mataimakin gwamnan bankin Faransa.

Ra'ayinsa shi ne, gwamnatin da ke kashe abin da ba ta da shi, ita ke jawo tsada. A 1958 Janar De Gol ya kira shi. Aka rage kashe kuɗin gwamnati, aka karya darajar faran da fiye da kashi 17 cikin 100. A 1960 aka fito da sabon faran, mai daidai da tsoho 100. Tunda sefa ɗaya tsohon faran 2 ce, sai sabon ya kama dala goma, har zuwa 1994.

Ya rasu a 1978.