Zheng He: Yaron da Aka Kama a Yaƙi, Ya Kai wa Sarkin Sin Raƙumin Dawa

 Mu a nan Kabo idan aka ce birnin Sin, nisa ake nufi. To, a wannan fitowar na kawo muku tarihin wani mutumin can wanda jiragensa suka zo har gaɓar Afirka tun kafin Muhammadu Rumfa ya hau sarautar Kano a 1463. Sunansa Zheng He.

An haife shi a 1371 a garin Kunyang da ke lardin Yunnan, kudu maso yammacin ƙasar Sin. Sunansa na yanka Ma He. Gidansu Musulmi ne, mahaifinsa da kakansa duk alhazai ne. A 1381 sojojin daular Ming suka shiga Yunnan da yaƙi. Mahaifinsa ya rasu a lokacin wannan rikici, shi kuma aka kama shi yana ɗan kimanin shekara goma, bai ma kai mu ba. Aka dandaƙe shi, kamar yadda ake yi wa bayin da za su yi hidima a cikin gidan sarauta, aka kai shi gidan wani yarima mai suna Zhu Di.

A can ya girma, ya koyi yaƙi, har ya zama amintaccen ubangidansa. A 1402 Zhu Di ya ƙwace mulki daga hannun ɗan yayansa, ya zama sarki, ana kiransa Yongle. A 1404 ya saka wa bawan nasa da sabon suna Zheng, sannan ya ɗora shi a kan rundunar jiragen ruwa.

Tafiya ta farko ta tashi a 1405 da manyan jirage 62, ban da ƙanana, da mutum fiye da 27,000. A cikinsu akwai sojoji, likitoci, tafintoci da masana taurari. Sukan ɗauki siliki da kwanukan tangaran, su dawo da masoro, turare da hauren giwa. Daga 1405 zuwa 1433 an yi tafiya bakwai. Sun je Malaka, Siri Lanka, Kalikut a Indiya, Hormuz da Aden, sun kuma iso Mogadishu a Somaliya da Malindi a Kenya ta yau. A 1407 Zheng He ya ci wani shugaban 'yan fashin teku, Chen Zuyi, da yaƙi a Palembang.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin raƙumin dawa. Amma sai mun fara sanin yadda Sinawan da suke kallon duniya. A al'adarsu sarki Ɗan Sama ne, wato Sama ce ta ba shi amanar mulki. Idan ya yi adalci amanar ta zauna a hannunsa, idan ya yi zalunci a karɓe ta. Shi ya sa suke ɗaukar fari, ambaliya da girgizar ƙasa a matsayin gargaɗi ga sarki. Sun kuma yi imani da wata dabba mai suna Kilin, mai jikin barewa da wutsiyar sa, wadda ba ta taka ko ƙwaro, kuma ba ta fitowa sai a zamanin sarki adali.

A 1414 jakadun Bengal suka kawo raƙumin dawa fadar sarki, a 1415 wani ya iso daga Malindi. Mutanen fada ba su taɓa ganin irinsa ba. Da suka ga 'yan ƙahoninsa da tafiyarsa a natse, sai suka ce ai ga Kilin nan. Ku tuna Yongle ƙwace ya yi, kuma akwai masu ganin bai cancanci gadon ba. Don haka wannan dabba ta zame masa shaida a idon jama'a cewa Sama ta yarda da shi. Dabbar da har yanzu take kiwo a dajin Kure kusa da Yamai, ita ce ta zama babbar magana a fadar Sin.

Mafi yawan matuƙan jiragen ba Musulmi ba ne. Suna da wata abin bautarsu mai suna Tianfei, wadda suka ɗauka ita ke tsare masu tafiyar teku, kuma a 1431 an kafa duwatsu da sunan Zheng He da manyan rundunar ana gode mata. A cikin jiragen kuma akwai Musulmi irin su tafinta Ma Huan, wanda ya rubuta littafi a kan ƙasashen da suka gani. A tafiya ta bakwai wasu mutanen rundunar sun isa Makka.

Da Yongle ya mutu a 1424, sabon sarki ya dakatar da tafiye-tafiyen. Manyan ma'aikatan fada, mabiya koyarwar Kwamfushiyas, suna ganin ɓarnar dukiya ce, gara a kula da noma da tsaron iyakar arewa. Sau ɗaya kawai aka sake barinsa ya fita, a 1431. Ya rasu wajen 1433, kuma an gina masa hubbare a Nanjing. Bayansa aka bar jiragen suka ruɓe. A 1498 sai ga Vasco da Gama na Fotugal a Malindi da jirage ƙalilan, daga nan Turawa suka fara kankane tekun.

Tun daga 2005 Sinawa suna tunawa da tafiyarsa ta farko kowace ranar 11 ga Yuli. Ina roƙon malaminmu na tarihi ya taimaka mana da taswirar duniya a kusa da wannan allo, don kowa ya bi hanyar daga Nanjing zuwa Malindi da yatsa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida